Kafireta ko Injekta: Wacce Ke Barin Mutum a Hanya?

Saura kwana huɗu babbar Sallah aka turo motar kawuna zuwa gindin dogon-yaron da ke bakin wani gareji a Birnin Kebbi. Turo ta fa aka yi, yara uku a baya, shi yana riƙe da sitiyari, gumi ya jiƙa masa hula. Tsohuwar motar Turai ce mai ƙofa biyu, ƙirar 1980, irin wadda ake yaye wa rufi. Ta Kamba ta shigo daga Kwatano tun ina sakandare, kuma fitarta a shekara ba ta wuce uku: ƙaramar Sallah, babbar Sallah, sai ɗaurin auren da ya kai a fito da ita. Sauran watannin tana lulluɓe da tamfol a rumfar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Bakaniken dattijo ne, ya haura shekara talatin yana kwance Fijo yana ɗaurawa. Bai ko gama ɗaga bonet ba ya yanke hukunci.

"Alhaji, wagga mota lahiya lau take. Injekta ce cutarta. Ku bari in hidda ta in aza maku kahireta, ku huta mu huta."

Kawu ya waiwayo. "To kai mai karance-karancen mota, mi kac ce?"

Na ce a dakata tukuna. Ba raini ba ne, domin abin da dattijon ke shirin yi an yi shi a Amurka tun ba a haife ni ba. A 1957 kamfanin Chevrolet ya fitar da Corvette mai injekta (na'urar da ke fesa wa inji mai da ƙarfin famfo) ƙirar Rochester, inji mai ƙarfin doki 283, abin tinƙaho a wancan zamani. Da motocin suka fara shiga garejin unguwa, makanikai suka tarar da abin da ba su taɓa gani ba, aka kwance wa da yawa daga cikinsu injektar aka ɗora kafireta. Yau masu tara tsofaffin motoci na zuba maƙudan kuɗi don su samo abin da aka yasar su mayar da shi gurbinsa.

In an ce mota ba ta ba da wahala, magana biyu ce a dunƙule. Ta farko, sau nawa take lalacewa. Ta biyu, ranar da ta lalace, da la'asar sakaliya tsakanin Jega da Koko, a gida za ka kwana ko a bakin titi? Kafireta yawan ciwo gare ta, amma ciwon da ba ya kwantarwa. Injekta mai kyau takan yi shekaru ko tari ba ta yi ba, amma ranar da ta faɗi sai an ɗauke ta. Galibin musun da ake yi a gareji, wannan na amsa tambayar farko ne, wancan na amsa ta biyu, kowa kuma yana da gaskiyarsa.

Injin fetur ba tsurar mai yake ƙonawa ba, gauraye ne na iska da mai, kuma ma'auninsa sananne ne: kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, in aka auna da nauyi. Kamar damun fura ne. Ya yi kauri, sai baƙin hayaƙi a salansa, fulogi ya yi baƙi ƙirin, mai ya riƙa tafiya a banza. Ya tsinke, sai inji ya ɗau zafi, ya riƙa tari, in aka matsa ya ƙone bawul. Duk aikin kafireta da injekta bai wuce riƙe wannan ma'auni ba, da sanyin asuba da zafin azahar, a silo da kuma lokacin da aka take totur har ƙasa.

Kafireta da dabara take yi, ba da lissafi ba. Wanda ya san tsohon famfon fiya-fiya na feshin sauro ya san ta: iska ta bi ta ƙuntataccen maƙogwaro da gudu, sai ta zuƙo mai daga ɗan kwanon da ke ƙasa ta cikin ƙaramar huda da ake kira jet. A cikin kwanon akwai ƙwallo mai iyo da 'yar allura, kamar na tankin ruwan gida, mai ya cika ta toshe, ya ragu ta buɗe. Shi ke nan. Ba ta neman wuta, ba ta neman kwamfuta, kuma turin man da take so ba shi da yawa. A gejin mai faci, wanda ke nuna 30 zuwa 35 in ya ba taya iska, kafireta ba ta buƙatar fiye da 3 zuwa 6. Shi ya sa in famfon mai ya mutu a daji za a iya ɗaure galan a saman mota, a saƙalo tiyo, mai ya gangaro da kansa har a isa gari. Na taɓa shiga motar da aka kawo Bunza a haka, yaron mota na riƙe da galan ta taga.

Ga kuma abin da ya fi komai ƙarfafa hujjar dattijon: a Kebbi ilimin kafireta ko'ina akwai shi. Tana jikin babur ɗin ɗan kabu-kabu, tana jikin janareto, tana jikin injin ban-ruwan da ke kuka a fadamun Argungu da Suru duk lokacin noman rani. Yaron da ke gadin shinkafa ma ya iya kwance kwano ya zubar da ruwa, ya busa jet da baki, ya mayar.

Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. Kafireta guda a kan Fijo daban, kafiretocin motar gudu daban. Jaguar E-Type ta 1961 guda uku gare ta ƙirar SU, kowace da ɗan bututun da ake ɗura wa mai a ka don kada fistin ɗinta ya riƙa tsalle. Ferrari 308 ta 1975 guda huɗu gare ta ƙirar Weber, kowace da maƙogwaro biyu, wato baki takwas ke nan da dole su ja numfashi daidai wa daida. Ɗaya ya ɗara sauran ko da kaɗan ne, inji ya fara rawa a silo. Tsofaffin gwanaye da guntun tiyo suke saurare, baki ɗaya a kunne ɗaya a maƙogwaron, suna murɗa sukuru har sautin ya zo ɗaya. Aikin yini guda ne, kuma ba ya zama. Girgiza na sassauta shi, sandar totur na cinye gurbinta har iska ta riƙa satar shiga ta gefe, gasket na bushewa. Mota ba ta tsaya ba, gaskiya ne, amma rabonta da cikakkiyar lafiya tun makon da aka saita ta. Mai irin wannan mota yakan saba da ciwon har ya daina ƙirga shi a matsayin lalacewa.

Turawa sanyi suke kuka da shi in ana zancen kafireta, mu kuwa in ban da 'yan safiyoyin hunturu da ake jan cok, zafi ne abokin gabarmu. Wasu sassan fetur kan fara tafasa tun zafi bai kai digiri 50 ba. A watan Afrilu inuwa ma kan haura 40 a Birnin Kebbi, balle ƙarƙashin bonet. Ka kashe mota ka shiga masallaci, zafin inji ya taso ya dafa man da ke kwano, ya tumbatsa cikin inji, ka fito ka yi ta ba ta kik tana ƙi. Ko kuma man ya zama tururi a cikin bututu, famfo ya yi ta bugun iska. Datsun 240Z ta 1973 da aka kai Amurka ta yi ƙaurin suna da wannan, bayan an sauya mata kafiretoci don rage hayaƙi. A 1975 kamfanin ya fitar da 280Z da injekta, kuka ya ragu ƙwarai. Ƙura kuma ba a magana. Da yawa cikin motocin gudu na da, masu su kan cire musu matatar iska su bar maƙogwaron a buɗe don ƙarin ƙarfi da daɗin ƙara. A yi haka a hazon Janairu a nan, ringi ba zai ga damina ba.

To, injekta fa? Kuskuren farko shi ne ɗaukarta abu guda. Sunan ne ɗaya, amma tsakanin 1954 da 1984 an yi zuriya daban-daban, kuma halinsu ya sha bamban kamar na 'yan uba.

Ta farko ta ƙarfe ce zalla, babu wayar da ke tunani a cikinta. Famfo ne irin na injin gas, inji ke juya shi, yana auna mai yana harbawa. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954, mai ƙofofin da ke buɗewa sama kamar fukafukai, ita ta yi fice da shi: famfon Bosch na harba fetur kai tsaye cikin silinda, ƙarfin doki 215, alhali motar tseren da aka samo ta daga gare ta, mai kafireta, ba ta kai haka ba. Amma tana da wani hali. In an kashe makulli, wuta ta ɗauke, famfon bai san an kashe ba, yana ci gaba da feshi har inji ya gama juyawa. Wannan fetur da bai ƙone ba sai ya wanke bangon silinda ya sulale cikin baƙin mai ya tsinka shi. Saboda haka ake juye mata baƙin mai duk bayan kimanin kilomita 1,600. Ka je Legas daga nan ka dawo, lokacin juye har ya gota.

Wadda ta fi shafar mu a wannan zuriya ita ce ta Ingila. A 1967 Triumph ta fitar da TR5 da injektar Lucas, ƙarfin doki 150, daga baya TR6 ta gaje ta. Tsarin na son turin da ya haura 100 a gejin mai facin nan, kuma famfon lantarkin da ke samar da shi a cikin but aka ajiye shi, kusa da tanki. Da rana ta yi zafi, famfon ya ɗau zafi, man da ke bakinsa ya zama tururi, sai ka ji kukansa ya sauya, mota ta shaƙe ta mutu. A jira ya huce, ta tashi kamar ba ita ba. Masu ita sun yi ta dabaru, wasu su naɗa wa famfon bututun mai don ya sanyaya shi, da yawa daga baya suka sauya shi da na Bosch. Wannan fa a zafin Ingila ke nan, inda digiri 30 labari ne. A kawo ta Yauri a bazara a gani. Ita wannan mota da aka kai Amurka da sunan TR250, kafireta biyu aka ɗora mata, ƙarfinta ya sauko zuwa doki ɗari da 'yan kai, amma ba ta da wannan ciwon. Da a ce motar Kawu irin TR5 ɗin ce, kuma da tsohon famfonta, da ban ce a dakata ba sai don darajar motar.

Amma a wannan zuriyar dai akwai Kugelfischer ta Jamus, wadda Peugeot ta fara sa wa 404 a 1962, ta kuma sa wa 504, har da mai ƙofa biyun nan da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana a 1969. BMW ma ta sa ta a 2002 tii: doki 130, inda 'yar'uwarta mai kafireta biyu ke ba da 120. Famfo ne mai jimiri, in ana duba ɗan man da ke cikinsa kuma ba a taɓa sukurorinsa da ka ba, yakan yi shekaru aru-aru. Matsalarsa ɗaya, ranar da ya gaji sai an ɗora shi a teburin gwaji na musamman, kuma masu wannan aiki ko a Turai ƙirga su ake yi. Nan ne za a gane hikimar abin da aka yi a Kaduna. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a can a 1975, 504 ɗin da ta cika hanyoyinmu mai kafireta ce. Ba wai injektar ba ta da kyau ba, a'a, an duba wanda zai gyara ne da inda za a gyara. Dattijonmu ɗan wannan makaranta ne, kuma makarantar ta yi wa Arewa aiki shekara talatin.

Zuriya ta biyu ta lantarki ce, kuma da tuntuɓe ta fara. A 1958 Chrysler ta sa wa wasu motoci, ba su kai 50 ba, wani tsari na kamfanin Bendix mai suna Electrojector. Kayan wutar zamanin ba su jure zafi da laima ba, kusan dukkansu aka mayar da su kafireta. Bosch ta sayi fasahar ta gyara, ta fito da D-Jetronic a 1967 a jikin Volkswagen 1600, daga nan ta shiga Porsche 914 da Volvo 1800E da Mercedes 350 SL. A zamaninta ta yi aiki. Yau shekarunta sun haura hamsin, kuma abin mamaki ba akwatin ƙwaƙwalwar ne ya fi mutuwa ba. Wayoyi ne ke bushewa su riƙa karyewa kamar taliya, mahaɗai su yi tsatsa, ɗan faifan da ke auna zuƙar inji ya tsage. A gidajenmu sai a ƙara da ɓera.

Motar Kawu kuwa a zuriya ta uku take, irin tsarin da ya yaɗu daga 1973, wanda duk wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin tsofaffin motocin Jamus na shekarun 1980 ya gani: wani kan ƙarfe da siraran bututai ke fita daga gare shi kamar ƙafafun gizo-gizo. Bosch ta kira nata K-Jetronic, kuma shi Porsche 911 da Ferrari 308 suka koma wa. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. A bakin hanyar iska akwai faranti kamar marfin kwano. Iskar da inji ke ja ita ke motsa farantin, farantin ya motsa wani ɗan sanda a cikin kan ƙarfen, sandan ya buɗe wasu tsagogi sirara kamar gashi, mai ya rabu daidai zuwa kowace silinda. Iska da yawa, mai da yawa. Babu kwamfuta a asalinsa, wutar da yake nema ta famfo ce da 'yan ƙananan abubuwa. Turinsa wajen 70 zuwa 80. In yana samun mai mai tsabta kuma ana hawa motar, yakan yi shekara da shekaru ba a sa masa sukundireba ba, ya tashi da bugu ɗaya da asuba, kuma saitinsa ba ya gocewa don an faɗa rami. A tambayar farko, ta yawan lalacewa, ya yi wa kafireta fintinkau, ban ga abin musu a nan ba.

Raunin nasa a cikin ƙarfinsa yake. Sandan nan da gidansa an goge su ne har ratar da ke tsakaninsu ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ya kwana a wurin, tsatsa. Fetur ya tsufa ya zama danƙo, sanda ya manne. Akwai kuma wata 'yar tukunya kusa da famfo da ke riƙe turi bayan an kashe mota don kada man da ke bututu ya tafasa. In robar cikinta ta fashe, mota za ta tashi lafiya da safe, amma ka tsaya sayen tsire da rana ta ƙi tashi. Sai a ce injekta ta lalace, alhali abin da ya mutu bai fi dunƙulen hannu ba. Haka in robar da ke tsakanin faranti da inji ta tsage, iska ta shiga ta bayan gida ba a auna ta ba, lissafi ya rushe. Duk waɗannan da geji ake gano su cikin rabin awa. Ba a jin su da kunne, ba a busa su da baki, kuma wanda ya ce zai gwada sa'a da murɗe-murɗe ƙara dagula su zai yi.

Daga nan aka shiga zamanin kwamfuta sosai. Porsche 911 Carrera ta 1984 mai tsarin Motronic har yau ana yabon ta da rashin laulayi, kuma abin da aka fi sanin yana kashe ta a hanya wata 'yar rile ce, wato ɗan makunnin lantarki, da masu motar kan ajiye ta biyu a aljihun gaba.

Kada kuma a ɗauka don neman lafiyar mota kamfanoni suka bar kafireta. Doka ce ta kore ta. Amurka ta tsaurara dokar hayaƙi a 1970, kuma na'urar tace hayaƙin da ta biyo baya ba ta aiki sai ma'aunin nan na 14.7 ya tsaya cak, abin da kafireta ba ta iyawa sai an rataya mata tiyo-tiyo da na'urori har ta fi injekta rikici. Ferrari 308 da ta koma injekta a 1980 ƙarfinta faɗuwa ya yi, daga doki 255 zuwa 214, sai a 1982 da aka ƙara mata bawul ta farfaɗo zuwa 240. Wannan ne ya sa har gobe masu son ƙara da kuzari ke fifita mai Weber, masu son su murɗa makulli su tafi kuma ke neman mai injekta.

Yanzu a dawo gida. Abu uku ne ke kashe tsohuwar injekta a Kebbi, kuma ko ɗaya ba laifin wanda ya ƙera ta ba ne. Akwai man da muke sha. A 2019 da aka hana kai fetur gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da kan iyaka, garuruwa irin Kamba jarka da galan suka koma wa, kuma ko a cikin birni wa bai taɓa tsayawa wurin 'yan bumburutu ba? Jarkar da ta sha rana, mazurarin da ke yashe a ƙasa, tsumman tacewa da ya fi man datti. A farkon 2022 ma ƙasar nan ta ga fetur mai yawan sinadarin metanol da ya lalata motocin mutane. Kafireta takan haɗiye ƙazanta ta yi tari ta wuce, ko ta toshe a busa. Injekta ba ta yafewa. Akwai kuma yadda muke shan man. Tun da aka cire tallafi a 2023 tanki ya daina cika, ana zuba na yau ne kawai. Famfon lantarki kuwa fetur ɗin da ke ratsa shi ne ke sanyaya shi, kuma tankin da ke ƙasa-ƙasa kullum shi ke tara gumi a ciki ya yi tsatsa, shi ke miƙa wa famfo laka. Na ukun shi ne zama. Motar da ke aiki kullum tana wanke kanta da sabon mai. Wadda ke jiran Sallah a ƙarƙashin tamfol, man cikinta ruɓewa yake yi, robobinta su bushe. Zama na cutar da kafireta ita ma, amma wankin awa biyu ya ishe ta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan in aka ce injekta ce ba ta da amana.

Shi kuma juyin da dattijon ke nufi ba cire wannan a sa wancan ba ne kawai. Wuyan injin da aka ƙera don iska tsura ba a yi shi don ɗaukar gaurayen iska da mai ba, sai mai walda ya ƙirƙiro mazauni, kuma sau da yawa silindar tsakiya ta ƙoshi ta gefe ta kwana da yunwa. Dole a sauya famfo ko a karya turinsa, in ba haka ba 70 ta afka wa allurar da aka yi wa 5, fetur ya malalo kan inji mai zafi. Kafiretar da za a samo kuma galibi ta wani inji ce daban, jet ɗinta ba na wannan ba. Motocin da na gani an yi wa haka suna tashi, ba ƙarya, kuma kowane gareji na iya taɓa su. Amma shan mai ya ƙaru, gudu ya ragu, kuma in motar mai daraja ce an karya mata farashi. Ga motar haya da ke bin ƙauyuka, wadda mai ita ke son duk inda ta tsaya a sami mai tayar da ita, ina ganin hujjar, ban kuma zargi kowa ba. Ga motar da aka ajiye don asalinta, wadda tafiyarta ba ta wuce filin Idi da gidan biki, ban ga abin da aka saya da wannan asara ba. Gobara kam kowanne na da tasa: kafireta ɗiga take yi a hankali, tsohon tiyon injekta in ya tsage feshi yake yi, don haka duk tiyon mai da ya shekara ashirin a cire shi ko da kyansa a ido.

Abin da na ce wa Kawu washegari gajere ne: a sauke tanki kafin a taɓa komai.

Aka sauke. Abin da ya fito a bahon wanki ba ya kama da fetur, ja ne kamar shayin da ya kwana, yana warin fenti, ga ruwa kwance a ƙasa wajen kofi biyu, ga ɓarɓashin tsatsa kamar garin barkono. Dattijon ya sa yatsa ya murza, ya shinshina, bai ce komai ba. Matatar mai da aka yanka ta toshe ƙam. Wani matashin bakanike da ya yi koyo a Kaduna ya zo da geji a cikin jakar leda, ya ɗaura, allura ta ƙi ko motsi: famfo ya ƙone. Sandan cikin kan ƙarfen ma ya manne, sai da aka jiƙa shi kwana biyu kafin ya saki, yaron yana ta gargaɗin kada kowa ya kusance shi da sanfefa. Famfo da matata daga Ƙofar Ruwa ta Kano aka saƙo su a motar haya.

Sallah dai ta wuce motar. A bayan motar maƙwabci Kawu ya je Idi, yana cika yana batsewa, kuma kwana biyu bai amsa gaisuwata da kyau ba. Sai bayan Sallah aka ba ta wuta. Bugu na biyu ta kama, ta yi hayaƙi na minti biyar, sannan ta zauna a silo shiru har ana jin kukan kurciya a kan dogon-yaron.

"Ta tashi, Baba," in ji yaron.

"Ta tashi yau," dattijon ya ce, yana goge hannu. "Mu ga bazara."

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko, jikan Kawu kan kai ta Kalgo ya dawo, kuma an kafa doka a gidan cewa allurar mai ba ta sauka ƙasa da rabi. Kafiretar da dattijon ya riga ya sayo ta yi wata biyu a kwali a kan bencinsa, har wani mai Fijo 'yar ɗaukar kaya da ke jigilar albasa daga Aliero ya zo ya saye ta, aka ɗaura masa a tsaye kafin la'asar.